Maganin Fara Na Fumfuna: Shin Yana Taɓa Ƴan Halittun Tafki?

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda tafki yake farfaɗowa. Wata bakwai ko takwas wurin yana bushe, ƙasa ta tsattsage, awaki na ratsawa ta tsakiya, masu bulo na haƙa a gefe. Ran da aka sheƙa ruwan farko mai ƙarfi sai wurin ya cika, kafin mako ya zagayo kuma, in ka tsuguna ka ɗebo ruwan a ƙwarya, za ka ga waɗansu ƴan mitsi-mitsin halittu suna wutsil-wutsil a ciki. Waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, suna tafiya da tsalle-tsalle. Waɗansu kuma dogaye ne kaɗan, jikinsu garai-garai har kana hango cikinsu, suna iyo a rigingine. Muna yara ba mu damu da sunansu ba, ba mu kuma taɓa tambayar daga ina suka fito ba, alhali babu kogin da ya kawo su.

Abin da ya tuna mana da su shi ne wani shirin noma da kiwo da muka gabatar a gidan rediyonmu, inda muka yi bayanin wani maganin fara wanda ba guba ba ne irin wadda aka saba gani. Fumfuna ce mai rai ake fesawa, ta kama farar, ta ci ta daga ciki. Muna buɗe layin waya sai wani masunci ya kira da tambayar da ta fi shirin namu duka nauyi. Cewa ya yi, tun da abin mai rai ne kuma yana cin fara, me zai hana in ya faɗa tafki ya ci ƴan halittun nan da ƴaƴan kifi ke rayuwa a kansu? Muka yi masa alkawarin bin diddigi. Da muka bi kuwa, sai muka tarar masana sun riga shi yin wannan tambaya da shekara talatin da ɗoriya, kuma sun nemi amsarta a tafkunan Sahel irin namu.

Daga gawar fara a Nijar

Mai karatu, asalin zancen yana komawa ga annobar farin dango ta shekarun 1986 zuwa 1989, wadda ta ratsa Sahel daga Muritaniya har Sudan. An zuba maganin guba da jirage da motoci ba ƙaƙƙautawa, har ƙasashen da suka biya kuɗin suka fara tambayar me wannan guba ke yi wa mutane da dabbobi da tsuntsaye da ruwan sha. Daga nan ne a 1989 aka kafa wani shirin bincike mai suna LUBILOSA, taƙaitaccen suna ne na Faransanci mai nufin yaƙi da fara ta hanyar abokan gabarta na halitta. Cibiyar CABI ta Ingila, da cibiyar binciken noma ta IITA reshen Kwatano, da ƙungiyar CILSS ta hannun cibiyarta da ke Yamai, da hukumar GTZ ta Jamus, su ne suka haɗa hannu, aikin kuma ya ci gaba har 2002.

Masu binciken sun tattara fumfuna iri-iri daga gawarwakin fara a ƙasashe da dama suna gwadawa. Wadda ta yi zarra daga ƙarshe, an same ta ne a jikin wata babbar fara da aka tsinta a nan ƙasar Nijar a ƙarshen shekarun 1980. Aka ba ta lamba IMI 330189, kuma ita ce aka riƙa haɓakawa har ta zama maganin da ake sayarwa da sunan Green Muscle. Sunanta na kimiyya ya sha canji, amma tun 2009 ana kiran ta Metarhizium acridum. Wato dai ba baƙuwa ba ce aka shigo mana da ita daga Turai. Tun kaka da kakanni tana nan cikin dajinmu tana kashe fara jefi-jefi. Abin da masana suka ƙara shi ne yawa da dabara.

Dabarar kuwa ita ce mai. Kowa ya san fumfuna da son danshi, Sahel kuma ga zafi ga bushewa. Wani masani na CABI, Chris Prior, da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka zuba ƙurar irin fumfunar cikin mai maimakon ruwa, tana manne wa jikin fara ta tsiro ko da iska a bushe take. Haka ya sa ake iya fesa ta da injinan nan masu fitar da feshi siriri kamar hazo, waɗanda dama ake aiki da su wajen maganin guba. Abin da ake zubawa a hekta ɗaya, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, shi ne giram 50 na ƙurar irin, kusan nauyin ƙwan kaza ɗaya ke nan. Amma a kowane giram akwai ƙwayoyin iri kimanin miliyar 50.

Dalilin fargaba

In ƙwayar iri ta sauka a jikin fara, sai ta tsiro ta fitar da ɗan zare, ta narkar da ɓawon jikin ta huda shi ta shige. A ciki take yaɗuwa tana shanye abincin jikin. Bayan ƴan kwanaki farar ta rage ci, ta yi nauyin tashi, daga bisani ta mutu, gawar ta yi ja. In akwai danshi sai kore ya lulluɓe ta, sabon iri ke nan da zai iya kama wata farar.

To ga inda tambayar masuncinmu ta sami gindin zama. Ɓawon jikin fara an gina shi ne da wani sinadari da ake kira kitin. Ƙaguwa da jatan lande su ma da shi aka gina nasu ɓawon, su ma suna yin saɓa in za su girma, kamar yadda fara ke yi. A wajen masana ilimin halittu dangi ne na kusa, gida ɗaya ne ya rabu, waɗansu suka zauna cikin ruwa, waɗansu suka hau tudu. Ƴan halittun nan kuwa da muke gani a ƙwarya, dangin jatan lande ne. Masu tsalle-tsallen su ne Turawa ke kira ƙumar ruwa. Masu iyo a rigingine kuma ƴan jatan landen tafki ne, suna kaɗa ƙafafuwansu masu kama da ganye suna tace ruwa su sami abinci. Mabuɗin da ya buɗe ƙofar wannan ɗaki, ai dole a gwada ko zai buɗe ta maƙwabcinsa.

Wani zai ce, to in sun mutu sai me, wa ke cin su? Ƴaƴan kifi ke cin su. Ɗan karfasa ko ɗan tarwaɗa da ya ƙyanƙyashe, bakinsa bai iya ɗaukar komai sai irin waɗannan. Ƙwarin ruwa na cin su, tsuntsayen ruwa na cin su suna kuma cin ƙwarin. Su ne ke cinye gansakukar da ke yawo cikin ruwa, su mai da ita nama. Garuruwan da ke zuba ƴaƴan kifi a tafkunansu don a kama bayan damina, ko sun sani ko ba su sani ba, a kan waɗannan ƴan halittu suka ɗora jarinsu. Mutanen Tabalak da Madarunfa da Gidimuni ba sai an yi musu dogon bayani a kan darajar kifin tafki ba.

Abin da aka gani a Senegal

A daidai lokacin da ake haɓaka fumfunar, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kafa wani aiki a Senegal mai suna Locustox, da kuɗin ƙasar Holan, don auna illar magungunan fara ga muhalli. Wani masani ɗan Holan, Joost Lahr, tare da abokan aikinsa ƴan Senegal, su suka ɗauki ɓangaren tafkuna. Sun yi aikinsu a yankin Nioro du Rip, kusa da iyakar Gambiya, ƙasar gero da gyaɗa mai tafkunan damina irin waɗanda muka sani.

Kafin su, yadda aka saba auna illar magani ga halittun ruwa shi ne da wata ƙumar ruwa mai suna Daphnia magna, wadda ake kiwo a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. Ana ɗaukar ƴaƴanta da ba su kwana ɗaya da haihuwa ba, a rarraba su cikin kwalabe, kowace kwalba da nata yawan magani, a bar waɗansu kwalabe ba magani don kwatanci. Bayan awa 48 sai a ƙirga nawa suka daina motsi. Yawan maganin da ya kwantar da rabi, shi ne ma'aunin ƙarfinsa. Hanya ce mai kyau, sai dai ita wannan ƙuma ba ƴar tafkinmu ba ce. Don haka Lahr da mutanensa suka shiga tafki da koma mai ƙananan idanu suka kamo ƴan gida guda biyu. Ɗaya shi ne ɗan jatan landen nan, wanda sunansa na kimiyya Streptocephalus sudanicus. Ɗayan kuma ƙwaro ne mai suna Anisops sardeus, shi ma a rigingine yake iyo, amma yana da fukafukai, yana tashi. A riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Sun gwada magungunan guba goma sha ɗaya da ake yaƙin fara da su, suka haɗa da ƙurar irin fumfunar, sakamakon ya fito a 2001. Yawancin magungunan gubar sun kwantar da rabin halittun biyu da abin da bai kai miligiram ɗaya a lita ɗaya ta ruwa ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram. Ita kuwa fumfunar, kada mu yi mata kara, ba ta fita fes ba. Ga ƙwaron, illarta kaɗan ce. Amma ga ɗan jatan landen, an sa ta a matsakaicin aji, wato ajin abin da ke kwantar da rabi in an zuba tsakanin miligiram 1 zuwa 10 a lita. Masu cewa abin da ya fito daga halitta ba ya cuta sai su gyara zancensu. Tunya ma ai tsiro ce.

Wani abu da suka lura da shi, wanda a ganinmu ya fi kowane adadi muhimmanci, shi ne cewa sakamakon ƙumar ɗakin gwaji bai yi daidai da na ɗan jatan landen Sahel ba. Maganin da ya yi wa waccan tsanani yana iya yi wa wannan sauƙi, ko akasin haka. Ashe takardar da ke biyo magani daga ƙasar da aka yi shi ba ta isa ta gaya mana abin da zai faru a tafkinmu ba.

Mu ɗan yi lissafi

Adadin ɗakin gwaji ba ya da ma'ana sai an ɗora shi a kan abin da ke faruwa a fili. Mu ɗauka direban jirgin feshi ya yi kuskure, ya bi ta kan tafki mai faɗin hekta ɗaya, mai zurfin rabin mita, ya zuba masa giram 50 ɗin nan duka. Ruwan wannan tafki lita miliyan 5 ne. In ka raba giram 50 a cikinsa, kowace lita za ta sami kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram. Ke nan ko da mafi ƙanƙantar adadin da ya cutar a kwalba muka ɗauka, abin da ke cikin tafkin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari nasa ba. In ma ruwan ya janye ya koma iya idon sawu, santimita 10, har yanzu sai an ninka shi sau ashirin kafin a kai bakin wancan adadi. Wannan lissafi namu ne, kowane ɗan makaranta kuma zai iya maimaita shi a allo.

Akwai sharaɗi ɗaya. Ƙurar irin ba ta son jiƙa, tana kuma cikin mai, saboda haka ba ta gauraya da ruwa daidai wa daida, a sama take yawo, iska kuma na iya tara ta a gefe ɗaya. Amma a can saman ne rana ke dukan ta, hasken rana kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ta.

Yanzu a kwatanta da abin da mutanen Lahr suka gani lokacin da suka fesa magungunan guba a kan tafkuna na gaske a farkon shekarun 1990, daidai yawan da ake fesa wa fara. Magani huɗu suka gwada: fenitirotiyon, da deltametirin, da bendiyokab, da diflubenzuron. Dukansu sun rage ƙumar ruwa. Deltametirin, wanda abin da aka auna nasa a ruwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na miligiram a lita ba, ya kashe ƙwarin ruwa tuli, ya kuma share ƴan jatan landen kusan kakaf. Abin mamaki shi ne diflubenzuron. Wannan magani ana yabon sa saboda ba ya da tsanani ga mutum da dabba da tsuntsu, aikinsa kawai hana ƴaƴan fara yin sabon ɓawo lokacin saɓa. To amma shi ma ɗan jatan lande sai ya yi saɓa yake girma. Shi ma ya share su.

Nan ne bambancin fukafukai ya fito. Ƙwarin ruwa sun dawo cikin ƴan makonni, domin waɗansu sun taso daga tafkunan da ba a fesa ba sun maye gurbi. Ƙumar ruwa ita ma ta farfaɗo bayan makonni. Ƴan jatan landen kuwa ba su dawo ba a wannan damina. Dalili shi ne yadda Allah Ya tsara rayuwarsu: suna zuba ƙwai ya nutse cikin laka, ya sha rani a bushe, sai ruwa ya sake cika tafkin sannan ya ƙyanƙyashe. Wannan ita ce amsar tambayar da ba mu yi ba muna yara. Ba daga ko'ina suke zuwa ba, suna nan ƙarƙashin ƙafafun awaki suna jiran ruwa. In aka kashe na bana kafin su zuba ƙwai, an rage ajiyar da ke cikin laka, in aka maimaita shekara da shekaru kuma ajiyar na iya ƙarewa.

Amurka da Ostireliya

Ba a Senegal kaɗai aka yi wannan tambaya ba. A Amurka, masu bincike na hukumar kare muhalli a ɗakin gwajinsu da ke gaɓar teku a jihar Fulorida, ƙarƙashin Fred Genthner, sun gwada wata ƴar uwar wannan fumfuna, Metarhizium anisopliae, a kan ƙwan wani jatan lande na bakin teku. A rahotonsu na 1997 sun nuna cewa fumfunar ta iya kama waɗansu ƙwayayen ta kashe su. Wannan ya isa ya nuna fargabar ba ta banza ba ce. Sai dai ita waccan fumfuna mai cin ƙwari iri-iri ce, ba ta zaɓe. Tamu ta fara kuwa mai tsantseni ce, kusan ba ta kama komai sai fara da danginta masu gajeren ƙaho, ba ta kuma fitar da dafi mai yawa irin na ƴan uwanta. Suna ɗaya a farko, hali daban. Duk wanda ya ji an ce Metarhizium, ya kamata ya tambaya wacce daga ciki.

A Ostireliya ma, inda suke da tasu fumfunar ta fara mai suna Green Guard, masana sun gwada ta a kan ƴaƴan kifi da tsutsar wani ƙwaron ruwa da kuma ƙumar ruwa, suka fitar da sakamako a 2002. Kifin da tsutsar ba abin da ya same su. Ƙumar ruwa ta mutu da aka cika mata ruwan da iri, amma da suka auna ruwan wuraren da aka yi feshi na gaske, abin da suka samu ya yi ƙasa ƙwarai da wancan. Labari ɗaya ne da na Senegal.

Masu irin wannan gwaji suna da wata dabara da ta burge mu. Ban da kwalbar da ba magani, sukan ajiye wata da aka zuba mata irin da aka riga aka kashe da zafi. In halittun suka mutu a nan ma, to ba kamuwa suka yi ba, cunkoson ƙura ce ta toshe musu hanyar ci da numfashi, kamar yadda ko garin tuwo ka cika wa ruwa zai yi. Ga halittar da tace ruwa ita ce sana'arta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Da irin waɗannan sakamako ne kwamitin ƙwararru da ke ba FAO shawara kan magungunan fara ya sa fumfunar a ajin mai ƙaramin haɗari ga kifi da ƙananan halittun ruwa, ya kuma sa deltametirin da diflubenzuron a ajin masu babban haɗari ga dangin jatan lande da ƙwarin ruwa.

Matsalar haƙuri

To in haka ne, me ya sa ba ita kaɗai ake fesawa ba? Saboda ba ta da sauri. Guba na zubar da fara cikin awoyi, manomi ya gani da idonsa ya ce aiki ya yi. Fumfuna kuwa sai mako ɗaya zuwa uku, ya danganta da yanayi. Fara ma tana da wayonta: in ta kamu takan shanya jikinta a rana ta ɗaga zafinsa, abin da ke rage wa fumfunar saurin yaɗuwa.

An gwada su kafaɗa da kafaɗa a Maine-Sorowa, jahar Difa, inda a 1997 aka fesa filaye masu hekta 800 da jirgin sama a kan farar Senegal, ƴar ƙaramar nan mai addabar gero. Filin fenitirotiyon ya yi tsit nan da nan, amma ba a jima ba fara ta sake shigowa daga waje. Filin fumfuna ya yi jinkiri, amma bayan mako biyu da ɗoriya fiye da kashi 90 cikin ɗari sun tafi, kuma ya daɗe a haka, domin irin da ya rage a ciyawa ya ci gaba da kama masu shigowa. Tururuwa da buzuzu da sauran ƙwarin ƙasa da ba ruwansu da faɗan su ma sun fi tsira a wannan fili. Shamuwa da belbela kuwa, farar da ta kamu ta yi nauyi garaɓasa ce a gare su.

Duk da haka, da farin dango suka sauko a 2004, suka haɗu da ƙarancin ruwan sama suka jefa Nijar cikin yunwar 2005, guba aka kama. Tsakanin 2003 da 2005 an fesa kimanin hekta miliyan 13 a yammaci da arewacin Afirka, kusan duka da magungunan guba. Ba za mu zargi manomin da ya ga gajimaren fara a kan geronsa ya nemi abin da zai kashe yau ba. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tambayar ko ruwan mai tsabta ne. Gurbin fumfuna yana can baya, lokacin da ƴaƴan fara ke tafiya a ƙasa ba fukafukai, a wuraren hayayyafarsu irin Tamesna da Ayar, makonni kafin su iso gona. Wannan kuwa aiki ne na sa ido tun da wuri, wanda aka kafa cibiyar yaƙi da farin dango ta ƙasa saboda shi. Gurbinta na biyu shi ne bakin ruwa, inda guba ba ta kamata ta kusanta ba.

An ga hakan a aikace. A 2009 Tanzaniya ta yi amfani da Green Muscle a kan jar fara a kimanin hekta dubu 10, a fadamu da gandun dajin da ke cike da namun daji da tsuntsaye, inda zuba guba zai zama ɓarna. A annobar 2020 da 2021 kuma, Somaliya, ƙasar makiyaya, ta fesa fumfunar a fiye da hekta dubu 100. Sai dai a can an haɗa da maganin nan mai hana saɓa, wanda muka ga abin da ɗan uwansa ya yi wa tafkunan Senegal. Sau da yawa a rahotanni akan jera su biyun tare a ce magunguna masu sauƙi ga muhalli. Ga raƙumi da akuya gaskiya ne. Ga ɗan jatan landen tafki kuwa, ɗaya ce kawai mai sauƙi.

Akwai abin da gwajin kwalba ba ya aunawa, mu kuma da muke yawon ƙauyuka mun gan shi. Mun taɓa iske masu feshi sun gama aiki sun gangara bakin tafki suna ɗauraye injin da jarkoki, ruwan wankin na komawa inda shanu ke sha. Lissafin da muka yi ɗazu ya ginu ne a kan giram 50 da aka watsa a hekta guda. Wanda ya juye ragowar tanki a wuri ɗaya ya rushe wannan lissafi. Ko fumfuna ce a ciki, a tuna da mai aka kwaɓa ta, sau da yawa man gazuwal, shi kuwa in ya shimfiɗu a kan ruwa yana cutar da ƙwarin da ke hawowa sama shan iska. In guba ce kuwa, abin ya wuce nan. Ƙa'idar aikin ita ce a bar tazara tsakanin inda ake feshi da ruwa, a lura da inda iska ta dosa, a wanke kaya nesa da tafki da rijiya, duron da ya ƙare kuma a mayar da shi, kada ya zama na ajiyar ruwa a gida. Mata masu kamun fara don suya su ma su nisanci filin da aka fesa, ko wane magani ne.

Masuncin namu ya sake kira bayan mun karanta wannan bayani a shirin da ya biyo, ya tambaya yadda zai gane wanne aka kawo garinsu, tun da duk a duro suke zuwa. Muka ce masa sunan maganin a rubuce yake a jikin abin da aka zubo shi, kuma mai gari ko shugaban masunta na da damar ya nemi malamin gona ya karanta masa kafin a kunna inji. Fumfunar galibi gari ce busasshiya mai launin kore, a ƙunshe take zuwa, ana ɓoye ta daga zafi, sai an zo aiki ake kwaɓa ta da mai. In ya ga haka, kuma washegari bai ga gawar fara ko ɗaya ba, kada ya ce an cuce su. Ya koma filin bayan kwana goma ya duba ƙarƙashin ciyawa.